Yadda Ake Zaɓar Fulogi da Canza Shi a Injin Babur ɗin Ƙanƙara

A arewacin Kanada da Alaska da jihar Minesota, da yankin Laflan da ya ratsa Finlan da Suwidin da Norwe, dusar ƙanƙara na kwanciya babur ɗin ƙanƙara ke karɓe hanya. Da shi ake fita kamun kifi a kan daskararren tafki, da shi makiyayan ƙabilar Sami ta Laflan ke zagaye garkensu, da shi masu gyaran layin lantarki ke kutsawa dajin da mota ba ta isa. Ɗan'uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai waɗannan wurare, in ya yi sha'awar mallakar nasa, galibi da na hannu zai fara, domin sabo kuɗi ne ba na wasa ba. Na hannu kuwa, gyaran farko da zai tilasta maka koya shi ne na fulogi.

A gida mun saba da wani hali. Ƙaramin janareta ya ƙi tashi, sai a aiki yaro shagon kayan gyara ya sayo fulogi, duk wanda ya shiga ramin ya ɗauru shi ke nan. Janaretan yana haƙuri da wannan ne saboda juyi 3,000 yake yi a minti, ƙarfinsa kuma ɗan kaɗan ne. Injin babur ɗin ƙanƙara mai cc 600 da ruwa ke sanyayawa yana kaiwa juyi 8,000 a minti, yana fitar da ƙarfin doki sama da 100 daga silinda biyu kacal. In mai bugu biyu ne, kowane juyi sai fulogi ya ba da wuta, wato kusan sau 133 a daƙiƙa ɗaya. Fulogin da bai dace ba a irin wannan inji yana iya huda fistin, kuma yakan yi hakan ne kana tsakiyar daji, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, gari kuma ya yi nisan da ƙafa ba za ta kai ka ba. Don haka wancan halin na gida a ajiye shi a gida.

Fara da sanin injin da ke gabanka

Manyan sunayen da za ka ci karo da su a kasuwar na hannu su ne Ski-Doo, wanda kamfanin Joseph-Armand Bombardier ya fara fitarwa a 1959 a garin Valcourt na lardin Kwibek a Kanada, da Polaris na garin Roseau, da Arctic Cat na Thief River Falls, dukansu biyu a Minesota, sai Lynx da ake haɗawa a Rovaniemi ta Finlan, sai Yamaha. Ski-Doo da Lynx injin Rotax na ƙasar Ostiriya suke amfani da shi. Yamaha ta sanar a 2023 cewa samfurin 2025 ne na ƙarshe da za ta ƙera, amma nata suna nan birjik a hannun jama'a.

Sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Abu uku kake buƙata: shekarar babur ɗin, girman injin, da yadda mai ke shiga cikinsa. Akwai mai bugu biyu mai kafireta, wanda shi ne ya fi cin fulogi domin yana ƙona fetur haɗe da man inji. Akwai mai bugu biyu mai injekta da kwamfuta, irin su E-TEC na Rotax da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda. Sai mai bugu huɗu, irin yawancin na Yamaha na baya-bayan nan, wanda fuloginsa ke daɗewa sosai. Da waɗannan bayanai ka buɗe littafin da ya zo da babur ɗin, ko ka sauke shi daga shafin kamfanin a intanet, ka nemi lambar fulogi da tazarar bakinsa da ƙarfin ɗauri. A wasu baburan ma an manna takarda a cikin murfin inji ɗauke da lambar da tazarar.

Kada ka ɗauki fulogin da ka tarar a ciki a matsayin hujja. Wanda ya sayar maka yana iya kasancewa ya saka abin da ya samu a aljihu ne ranar da ya maƙale a hanya.

Karanta lambar da ke jikin fulogi

Mu ɗauki BR9ES na kamfanin fulogi NGK, wanda ya yi suna a tsofaffin injina masu bugu biyu. Kowane harafi da abin da yake faɗa. B na nufin kaurin tiredi milimita 14, kuma soket mai milimita 20.8 ke kama shi, wanda a shagunan Kanada da Amurka za ka ga an rubuta 13/16 na inci. R na nufin akwai razista a ciki, mai kimanin ohm 5,000, da ke danne hayaniyar lantarki don kada ta rikita akwatin wuta ko kwamfuta ko allon mita. 9 ita ce lambar zafi. E tsawon tiredi ne, milimita 19. S kuma tsinken tsakiya ne na yau da kullum mai kaurin milimita 2.5.

Harafi ɗaya in ya canza, fulogi ya canza. BPR9ES da wasu injinan Polaris ke amfani da shi yana da P, ma'ana bakinsa ya leƙo cikin silinda fiye da na BR9ES, saboda haka ba a musanya su da ka. Wanda ke da H a madadin E gajere ne, milimita 12.7. In ka saka gajere a rami mai zurfi, ragowar tiredin ramin zai cika da kabon, ranar da ka zo saka na daidai ya ƙi shiga. In ka saka dogo a gajeren rami, fistin na iya dukansa. Arctic Cat da yawa BR9EYA suke so, mai ɗan tsagi a bakin tsinken tsakiya. Ski-Doo masu kafireta da dama BR9ECS suke ɗauka, mai gajeriyar ƙugiya a karkace, wato ɗan ƙarfen gefe da wuta ke tsallakawa zuwa gare shi daga tsinken tsakiya. Yamaha mai bugu huɗu kuwa siraran fulogi ne masu farawa da C, irin su CR8E da CR9E, tiredinsu milimita 10, soket ɗinsu 16.

Lambar zafi, inda aka fi yin ɓarna

Fulogi ba shi ke ƙara wa inji zafi ba. Lambar tana faɗin saurin da yake kwashe zafi daga bakinsa ya miƙa wa kan silinda. Wanda farin tangaran ɗin bakinsa ke da tsawo yana riƙe zafi, shi ake kira mai zafi. Mai gajeren tangaran yana saurin hucewa, shi ne mai sanyi. Ana son bakin ya zauna tsakanin digiri 500 da 800 a ma'aunin Salsiyas. In ya gaza 500, kabon da mai ba sa ƙonewa, sai su taru su zama hanyar da wuta ke bi ta zurare gefe maimakon ta tsallaka tazara. In ya haura 800, bakin kan yi ja har ya kunna mai tun kafin lokacin wuta ya yi, fistin yana hawa wuta tana danno shi. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma da shi aka yi fistin. Ka ga inda hudar ke fitowa.

A tsarin NGK da Denso, lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi: 9 ya fi 8 sanyi. A tsarin Champion da Bosch akasin haka ne. Shi ya sa wanda Polaris ɗinsa ke ɗaukar Champion RN57YCC bai kamata ya kwatanta lambobi da ido ba, sai da jadawalin musanya na kamfanin, shi ma bayan ya duba littafi.

Ga tarkon da sabon shiga ke faɗawa. Babur yana ta baƙanta fulogi, sai wani ya ce masa ya sauka daga 9 zuwa 8, baƙin zai tafi. Zai tafi kuwa, a tafiyar silo cikin gari. Amma matakin lamba ɗaya yana ɗaga zafin bakin fulogi da kimanin digiri 70 zuwa 100. Ranar da aka hau shimfiɗaɗɗen tafki aka buɗe totur gaba ɗaya na 'yan mintuna, wannan ƙarin ne ke ƙarasa fistin. Garin neman gira an rasa ido. Wani kuma tunaninsa shi ne tunda gari da sanyi, ai fulogi mai zafi ya fi dacewa. Wannan ma kuskure ne babba. Iska mai sanyi ta fi nauyi, iskar da ke shiga silinda ta fi yawa, man da kafireta ke bayarwa kuma bai ƙaru daidai da ita ba, sai haɗin ya tsinke, wutar ciki ta ƙara zafi. Wato ranar da sanyi ya fi tsanani ita ce ranar da injin mai kafireta ya fi kusa da ƙonewa. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: lambar da littafi ya ce, ita za ka saka. In fulogi yana baƙi, a nemi dalilin a wani wuri.

Na talaka ko iridiyam

Fulogi mai bakin ƙarfen iridiyam, irin BR9EIX, tsinkensa siriri ne, milimita 0.6, yana buƙatar ƙarancin lantarki kafin wuta ta tsallaka, yana kuma daɗewa bai cinye ba. Yana taimakawa wajen tayarwa da sanyin safiya, musamman a babur mai igiya. Sai dai kuɗinsa ya ninka na talaka, kuma injin da kafiretansa ke ambaliya zai jiƙa shi kamar yadda zai jiƙa kowanne. A tsohon mai kafireta na fi son mutum ya sayi na talaka guda huɗu ko shida, ya ajiye saura. A inji mai kwamfuta da kamfani ya ce iridiyam ko filatinam, to ba a ja da baya.

Dubi kan fulogin ma, inda hula ke zama. Akwai mai ɗan goro da ke warwarewa, akwai wanda kansa a dunƙule yake. Girgizar babur ɗin ƙanƙara tana kwance goron sannu a hankali, wuta ta riƙa tsalle a cikin hula tana cinye ta, inji ya riƙa misin ka rasa dalili. In hularka mai kama dunƙulallen kai ce, nemi dunƙulalle. A BR9ES, lambar kwali 3194 ita ce dunƙulalle, 5722 kuma mai goro.

Jabu ma ya yi yawa a kasuwannin intanet, har kamfanin NGK da kansa yana gargaɗi a kai. Saya wajen dilan babur ko sanannen shagon kayan mota. In ka ga farashi ya faɗi warwas, rubutun jiki ya yi dishi-dishi, ko washa na zamewa daga tiredi da kanta, bar musu kayansu.

Kayan aiki

Soket ɗin fulogi mai roba a ciki, da hannunsa da ɗan tsawo. Sifanan awon ɗauri. Ma'aunin tazara, ya fi kyau mai waya ko mai siraran ganye. Guntun tiyo na roba da zai kama kan fulogi. Tsumma mai tsabta, da iskar feshi ko ƙaramin buroshi. Man silikon na lantarki ɗan kaɗan, da alƙalamin maka. Sai siririyar safar hannu, domin ƙarfen da ya kwana a waje cikin irin wannan sanyi yana kama fata, fetur kuma in ya zuba a hannu yana ƙona ta da sanyi nan take, tunda shi ba ya daskarewa, sanyin waje yake ɗauka.

Cirewa

Ajiye babur a wuri mai daidaito, ka ja birkin tsayawa. Danna jan maɓallin kashewa, zare maƙulli, cire igiyar tsaro. Bari inji ya huce. Kan silinda alminiyam ne, fulogi ƙarfe ne, kuma alminiyam mai zafi yana da laushi, tiredinsa na saurin biyo fulogi waje.

Buɗe murfi ko fuka-fukan gefe. Kafin ka taɓa komai, kakkaɓe dusar ƙanƙarar da ke saman injin. Kama hular fulogi da kanta, ka ɗan murɗa hagu da dama, sannan ka ja sama. Kada ka ja ta waya, wayar ɗaure take a cikin hular kuma tana tsinkewa daga ciki ba ka gani ba. Yi silinda ɗaya ka gama kafin ka koma ɗaya, don kada wayoyi su rikice maka.

Yanzu hure ramin da fulogin ke zaune. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, alhali a nan yashi da guntun bel da ruwan narkakkiyar ƙanƙara ke taruwa, suna jiran ka zare fulogi su faɗa kan fistin. Kwance fulogin zagaye ɗaya, ka sake hurewa, sannan ka ƙarasa. Soket ya zauna a miƙe, in ya karkace tangaran zai tsage. In ka ji ya cije, kada ka sa ƙarfi. Mayar da shi baya kaɗan, ɗiga man kwance tsatsa, jira, sannan ka riƙa yi gaba da baya har ya saki.

Da ya fito, rubuta a jikinsa ɓangaren da ya fito, na kuloci ko na magneto. Toshe ramin da tsumma mai tsabta.

Tsaya ka dubi tsohon kafin ka jefar

Wannan fulogin shi kaɗai ne ya ga abin da ke faruwa a cikin silinda. Kai shi wurin haske ka leƙa tangaran ɗin da ke kewaye da tsinken tsakiya. In launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, a bushe, gefen tsinken da ɗan kaifinsa, injinka lafiya lau. In baƙi ne a bushe, kana shafawa yana kama yatsa kamar kunkunniyar tukunya, mai ya yi yawa: ko an daɗe da cok a jawo, ko an bar inji yana silo da yawa, ko allurar kafireta na yoyo, ko jet ɗin na tsananin sanyi ne kai kuma kana hawa a ranar da gari ya sassauta ko a kan tsauni inda iska ta yi ƙaranci. In baƙi ne mai danshi da maiƙo, man inji ne ya yi yawa, a duba saitin famfon mai da wayarsa. In a jiƙe yake yana warin fetur amma ba datti, ko inji ya sha mai ne ko wuta ba ta zuwa.

Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne fari fat, ko mai ƙuraje a tangaran, ko wanda ƙugiyarsa ta fara narkewa. In kuma ka ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli launin toka a bakinsa, fistin ne ya fara zubewa. A nan sabon fulogi ba magani ba ne. Kada ka sake hawa sai an duba ko iska na shiga ta tsagaggiyar robar kafireta, ko sil ɗin kuransha ya mutu, ko jet ya toshe da tsohon fetur. Ajiye fulogin biyu gefe da gefe. In ɗaya ruwan ƙasa ne ɗaya fari, ka san ɓangaren da matsalar take, kuma ka rage wa makaniki rabin aiki.

Abin lura: launin da za ka gani na mintunan ƙarshe ne da inji ya yi. Wanda ya yi silo a ƙofar gida zai nuna baƙi ko da lafiyarsa ƙalau. A injin mai kwamfuta kuma launi ba ya faɗin gaskiya kamar a mai kafireta.

Tazara

Fitar da sabo daga kwali ka gwada shi da tsohon: tsawon tiredi ɗaya, baki ɗaya, lamba ɗaya. Auna tazarar ko da an ce an saita ta daga masana'anta, domin kwali na faɗuwa a hanya. Yawancin masu bugu biyu suna tsakanin milimita 0.7 da 0.8, amma littafi ne alƙali. Ganyen ma'auni ya shiga da ɗan jan jiki, ba sakwa-sakwa ba. In gyara ake buƙata, ƙugiyar gefe kawai ake lanƙwasawa, a hankali, ba tare da an jingina komai a kan tsinken tsakiya ba. A iridiyam ma ko ma'aunin kada ka tura da ƙarfi, bakin na ɓallewa. Irin su BR9ECS kuwa ba a taɓa ƙugiyarsu sam, lanƙwasa ta na sa ta karye cikin inji. Ana sayar da su ne da tazararsu, wanda ke da -5 a ƙarshen lamba milimita 0.5 ne, sai ka sayi wanda ya dace.

Ɗaurawa

Kada ka shafa wa tiredi man hana cijewa. NGK ta riga ta lulluɓe nata da wani rufi mai wannan aiki, kuma ta ce ƙarin mai na iya rikita awon ɗauri da kusan kashi 20 cikin ɗari, ka zarce ba ka sani ba.

Cire tsumman. Saka kan fulogi cikin guntun tiyo, ka zura shi a miƙe, ka murɗa da yatsu. Amfanin tiyon shi ne in tiredi ya hau ba daidai ba, zai zame maimakon ya yanka alminiyam. Fulogin ya tafi salin-alin har washa ta zauna. In ya cije bayan zagaye ɗaya ko biyu, fito da shi ka sake. Sifana ba ta taɓa shi sai yatsu sun kai shi ƙarshe.

Sannan awo. Ga mai milimita 14 a kan alminiyam, NGK ta ba da Nm 25 zuwa 30 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanan awo). Mai milimita 12, Nm 15 zuwa 20. Mai milimita 10 kuwa Nm 10 zuwa 12 ne kawai, kuma shi ne aka fi karyawa domin hannu ya saba da manya. In littafinka ya faɗi wani adadi, nasa za ka bi. In ba ka da sifanan awo, sabon mai milimita 14 ana ƙara masa rabin zagaye zuwa kashi biyu cikin uku bayan washa ta zauna. Za ka ji washar tana lotsawa da laushi, sannan ta yi tauri. Nan za ka tsaya. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa washarsa ta riga ta lotse, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na zagaye ya ishe shi.

Sakaci a nan ta kowane ɓangare yana da tsada. Ɗaurin da ya zarce yana tsige tiredin kan silinda, sai an saka Heli-Coil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke maye gurbin tiredi, ko an canza kan. Wanda bai kai ba kuma ba ya miƙa zafinsa ga kan silinda, sai fulogi mai lamba 9 ya koma yana aiki tamkar mai zafi, ga iska na tsiyaya ta gefe.

Leƙa cikin hular. In akwai tsatsa ko kore-kore ko tsagewa, canza ta. In kana da mita, hular NGK mai razista ta nuna kusan ohm 5,000. Irin wadda ake murɗawa a kan waya, in ta yi sako-sako, kwance ta, yanke kamar milimita 5 daga bakin wayar, ka sake murɗa ta a kan sabon wuri. Shafa ɗan man silikon a bakin robar don ruwa kada ya shiga, ka danna har ka ji ta kama. Ja ta sama kaɗan ka tabbatar.

In injinka E-TEC ne

Wannan yana da nasa sharaɗi. Tunda injekta na fesa mai kusa da bakin fulogi, ana son buɗaɗɗen ɓangaren ƙugiya ya fuskanci injektan. Fulogin da kamfani ya tanada an yanka tiredinsa ne yadda in aka ɗaure da awon da littafi ya faɗa, zai tsaya yana kallon inda ya dace. Saboda haka a nan babu musanya da wani mai kama da shi, babu ɗauri da ƙiyasi, babu gyaran tazara. Don ka tabbatar, ja layi da maka a jikin tangaran daidai inda bakin ƙugiya ya buɗe, bayan ɗauri ka duba layin bai kauce daga injekta fiye da digiri 90 ba. A mai bugu huɗu kuma wahalar ita ce isa wurin, domin kwayil a kan fulogin yake zaune, wani lokaci sai an ɗaga tanki ko akwatin iska. Cire soket ɗin wayar kwayil tukuna kafin ka zaro shi.

Gwaji

Fitar da babur waje, ko ka buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya. Hayaƙinsa na kisa a rufaffen wuri, kamar yadda na janareta ke yi. Tabbatar ba kowa a gaba, domin kuloci na kamawa da kansa da zarar juyi ya hau, babur ya zabura. Tayar, ka mayar da cok da zarar inji ya iya tsayuwa da kansa, ka saurara. Silinda biyu in suna aiki, sautin a cike yake. In ɗaya ta mutu, za ka ji ya yi nauyi yana girgiza, totur ba ya amsawa. Bari ya ɗumama na 'yan mintuna, sannan ka fara tafiya a hankali. Buɗe wuta kan inji mai sanyi na sa fistin ya kumbura kafin silinda, ya cije. Barinsa yana silo na tsawon lokaci kuma shi ke baƙanta sabon fulogin da ka saka yanzu.

In abin ya same ka a daji

Kada ka fita sai da saiti guda na sababbi da aka riga aka auna, da sifanan fulogi. Baburan da yawa suna da ɗan ma'ajinsu a ƙarƙashin murfi. In sanyi ya tsananta, saka su a aljihun ciki, fulogi mai ɗumi ya fi saurin kamawa.

In ka yi ta jan igiya har warin fetur ya tashi, inji ya sha mai. Gwada da farko ba cok, totur a buɗe, birki a riƙe, hanya a sarari. In ya ƙi, kashe jan maɓalli da maƙulli, cire fulogi duka biyu, riƙe totur a buɗe ka ja igiya sau goma zuwa goma sha biyar, man ya feso waje. Kau da fuskarka daga ramukan, kuma kada taba ko ashana ta kusanto. Goge wurin, saka busassun, ka tayar ba cok. Tunda injin na iya kasancewa da ɗumi, yatsu su yi aikin shigarwa gaba ɗaya.

Don gwada ko wuta na zuwa a mai kafireta, saka fulogi a hularsa, ka kwantar da tiredinsa a kan ƙarfen inji nesa da ramin, ka ja igiya. Wuta shuɗiya mai ƙara ake so. Kada ka taɓa jan igiya maɓalli a kunne alhali hula na reto ba ta taɓa ƙarfe ba, lantarkin da ya rasa mafita yana kashe kwayil ko akwatin wuta. Fulogin da ya jiƙe kuma, in ba wani a hannu, ana iya goge shi a busar da bakinsa da ɗan harshen wuta can nesa da babur, ya kai ka gida. Samfefa ko buroshin waya a kan iridiyam kuwa lalata shi suke yi.

Yaushe ake canzawa

Mai bugu biyu mai kafireta, sabon saiti kowace shekara a farkon hunturu. Masu kwamfuta da masu bugu huɗu suna ɗaukar shekaru, littafi zai faɗi kilomitan. Amma akwai tsari a farkon kakar. Lokacin ajiye babur a ƙarshen sanyi, ana fesa wani mai na musamman cikin silinda don hana tsatsa a watannin zafi. Wannan man yana nan kwance har ranar da za a sake tayarwa, kuma zai jiƙa duk fulogin da ya tarar. Saboda haka tayar da tsofaffin tukuna a waje, bari hayaƙin ya yi ta fita har ya washe, kashe, jira inji ya huce, sannan ka saka sababbin. Tsofaffin in launinsu mai kyau ne kuma tsinkensu bai cinye ba, goge su ka mayar cikin kwalin sababbin, ka rubuta "tsoho" a jiki, su zama na ko-ta-kwana na biyu. In ranar amfaninsu ta zo, ka tuna washarsu a lotse take, ɗan taɓi kaɗan bayan yatsu ya wadatar.